Ya Wuce Bai Sauka Ba

Rijiyar Zaki, Kano
Farkon damina

Yaya Amsa,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ke da maigidanki da yara, da fatan ruwa ya sauka muku lafiya. Ki isar mini da gaisuwa wurin Baba Madu, ki tambaya mini ciwon gwiwarsa. Ina gaida Inna Furera. Ni lafiyata ƙalau, har ma na fi yadda kuka gan ni.

Kin tuna da na zo hutu kika ce na rame na koma karan dawa? Gaskiya kika faɗa. Tun da na shigo jami'ar nan ban sake ba. Daga aji sai ɗaki, abinci ba ya shiga, karatu ba ya zama. To Yaya, na sami magani, kuma na san sai kin yi dariya. Keke ne.

Kada ki kawo irin na Baba a ranki, mai kariya da ƙararrawa, wanda ake ɗora wa buhun gero. Wannan na tsere ne. Tayarsa ba ta fi kaurin ɗan yatsa ba, kansa a lanƙwashe irin ƙahon rago, da hannu ɗaya nake ɗaga shi. Abokin ɗakina Muhammadu Sani ne ya ja ni cikin ƙungiyarsu, suka ba ni aron guda. A jikin feda akwai maɗaurin fata da ake zura ƙafa a ɗaure tamau. Ranar farko na manta ƙafata a ɗaure take, na ja birki a gaban mai shayi, sai ga ni rim a ƙasa, ni da keken gaba ɗaya. Mai shayin har da tambayata ko na saba faɗuwa haka. Na daɗe ban iya zama kan benci ba sai a karkace.

Amma in muka fita bayan sallar asuba, muka bar gari, kwalta ta miƙe, ga shuka ta fito dama da hagu, iska na dukan ƙirjina, wallahi sai in ji abin da ya danne ni ya sauka. In na dawo in cinye kwano biyu, in buɗe littafi ya shiga. Ba wani wuri muke zuwa ba, tafiya kawai muke yi mu juyo.

In za ki ba ni amsa ki ba Sabo direba ya ajiye mini a rumfar da ya saba sauke hatsi a Dawanau. Yanzu Dawanau ba nisa gare ni.

Ƙanenki,
Kallamu

Gidan Kolo, Makoda
Bayan noman farko

Kallamu,

Wa alaikumus salam. Kowa lafiya, gero ya yi kyau, gwiwar Baba tana nan yadda ka san ta.

Ikon Allah! Wato mu muna nan muna cika baki ɗanmu yana jami'a, wata rana da mota zai shigo mana, ashe kai keke ka koma. Keken ma wanda ba ya ɗaukar ko ƙullin gishiri. Na yi dariya har Inna ta leƙo ta ga ko lafiya.

Na karanta wa Baba. Ya ce, “In ya fita, me yake kaiwa?” Na ce ba ya kai komai. Ya ce, “To me yake ɗaukowa?” Na ce babu. Sai ya ce a riƙa sa ka a addu'a. Amma da na zo wurin kwano biyu sai fuskarsa ta washe. Ya shiga ba mu labarin yadda ya koya maka hawa shekarar da mahaifinka ya rasu ya ɗauko ka riƙo, wai yana riƙe da sirdi ta baya yana binka da gudu daga masallaci har tsamiyar bakin titi, kana ihu kada ya saki, alhali ya daɗe da saki. Ya ce ko'ina ka je da keke, shi ne malaminka.

Nasa yana nan rataye a zaure, tayoyin sun lotse, ya hana kowa taɓawa. Halinsa kuma bai sake ba. Shekaran jiya wani ɗan gidan maƙera ya wuce majalisarsu a kan keke bai sauka ba, sai da ya aika aka kirawo uban yaron.

Ka ci abinci, ka yi karatu, ka daina faɗuwa a gaban masu shayi kana zubar mana da mutunci.

Yayarka,
Amsa

Gidan Kolo
Asabar

Kallamu,

Ba ni da gaisuwar da zan yi maka yau. Me muka yi maka?

Da hantsin nan Baba yana zaune gindin tsamiya da su Malam Sama'ilu da sauran dattawa, sai ga ku kun taho a jere, kawuna a ƙasa, da hulunan kwano da wasu 'yan wanduna da ko ɗan kokawa zai ji kunyar sawa. Kowa ya ce baƙi ne. Baba ya ce a'a, na tsakiyar can Kallamu ne, shi ke sauke kafaɗar hagu in yana tuƙi. Mutumin da sai an kama shi yake tashi, ya dafa sanda ya miƙe da kansa, ya ɗaga maka hannu, ya kira sunanka. Ka wuce shi fuu, ko waiwaye babu.

Ya daɗe a tsaye da hannun a sama. Malam Sama'ilu, ka san bakinsa, ya ce, “Madu, zauna, 'yan boko ba sa sauka.” Aka yi dariya. Baba ya shigo gida, tuwon rana ma bai taɓa ba aka ɗauke shi.

A garin nan ko hakimi ka gani a kan keke zai sauka wa sa'an ubansa. Kai ba ka sani ba ne? Maza ka zo ka ba shi haƙuri tun abin bai yi tsami ba. Raina ya ɓaci da kai ƙwarai.

Amsa

Rijiyar Zaki
Tsakiyar damina

Yaya Amsa,

Sallama da gaisuwa mai tarin yawa. Na leƙa Dawanau ban tarar da wasiƙarki ba, an ce motar Sabo ta lalace. Ina fata kowa lafiya. Wannan ta hannun wani mai kai taki na aiko.

Albishirinki! Asabar ɗin da ta gabata mun yi tafiyar da ban taɓa yin irinta ba, daga nan har gaban Makoda muka juyo. Kin san ta ina muka bi? Ta ƙofar gidanmu! Na so in tsaya, amma ina zan shiga gida da wannan wandon? Na ce ai da hular kwano ba mai gane ni.

Bari in gaya miki yadda ake yi. Ba a tafiya a warwatse. Na gaba shi ke sha wa kowa iska, na baya ya manne masa, taya kusa da taya, tsakaninsu bai fi tafin hannu ba. In na gaba ya gaji ya koma baya, wani ya karɓa. Idonka ba ya barin tayar da ke gabanka, don in ka ɗaga kai ko ka taɓa birki, duk ku zube. Da ni ne matsoracin cikinsu. Ran nan kuwa, Yaya, tun daga shigarmu Gidan Kolo har muka fita ban ɗaga kai na kalli kowa ba! Muhammadu Sani ya ce yanzu na zama ɗan keke.

In kaka ta yi za a yi tseren ɗalibai a wannan hanyar, an sa sunana. Ki gaya wa Baba ɗalibinsa bai ba shi kunya ba.

Naki,
Kallamu

Gidan Kolo
Gero ya fara fitar da kai

Kallamu,

Lafiya muke, in ban da abin da ka jawo mana.

Da wasiƙarka ta iso na ɗauka ban haƙuri ce. Don murna ko buɗe ta ban yi ba, na kai wa Baba a zaure, ga Malam Sama'ilu a zaune, na ce ga saƙon Kallamu, na hau karantawa da ƙarfi. Ban ankara ba sai da bakina ya furta “ban ɗaga kai na kalli kowa ba.” Wayyo ni Amsa! Da ƙasa za ta tsage da na shige. Na yi ta bayanin taya da birki, Malam Sama'ilu ya ce, “Ai ya faɗa da bakinsa, har alfahari yake yi.”

Sai daga baya Sabo ya zo yana sosa ƙeya, wai tawa ta ranar Asabar ɗin tana nan a aljihun motarsa a gareji. Ga ta nan na haɗa maka da wannan, ka karanta ta tukuna.

Ga abin da Baba ya ce, ban ƙara ba ban rage ba. Ya ce shi bai koya wa kowa hawan da ba a sauka ba. Ya ce ka mayar wa masu keke kekensu, in ba haka ba kada ka ƙara aiko masa da gaisuwa, ba ya amsawa. Ni na san ba raini ka yi ba, wauta ce, kuma da ita aka haife ka. Amma dattijon nan ciwo ya ji. Ya daina zama gindin tsamiya.

Amsa

Rijiyar Zaki
Ƙarshen damina

Yaya,

Ina gaishe ki. Ban sami ganinki ba ranar da na zo, an ce kin tafi suna Makoda, shi ya sa na rubuto.

Wasiƙunki biyu tare na karɓe su, na karanta a tsaye a cikin kasuwa. Wallahi tallahi ban gan shi ba. Baba ya miƙe tsaye saboda ni, na wuce? Washegari na shiga mota na taho, da doguwar riga da hula. Na tube takalmi tun daga waje na durƙusa a zaure. Ya bar ni a durƙushe har ƙafata ta yi sanyi, sannan ya ce, ba tare da ya dube ni ba, “A bakin titi ka wuce ni, a gaban mutane. Ba a zaure za ka gyara ba.” Ya tashi ya shige.

Na dawo na jingine keken ban ƙara hawa ba. Ramar ta dawo, abinci ya koma ba ya shiga. Ina son abin nan, Yaya, ba zan ɓoye miki ba, shi ya tashe ni. Amma bai kai Baba ba. Zan mayar musu.

Sai dai maganarsa ta tsaya mini a rai. A bakin titi, a gaban mutane. Tseren nan Asabar ta farko bayan an gama yankan gero za a yi, kuma ta gindin tsamiya za a bi. Zan shiga, shi ne hawana na ƙarshe. Na gaya wa Muhammadu Sani abin da na ƙudura, ya ce tun da aka fara tsere a duniya ba a taɓa jin irin wannan haukan ba. Abu ɗaya nake roƙonki. Ki san yadda za ki yi Baba ya fito ya zauna a wurinsa ranar, da su Malam Sama'ilu duka.

Ƙanenki,
Kallamu

Gidan Kolo
Asabar da yamma

Kallamu! Kallamu!

Lafiya lau muke, lafiyar da muka daɗe ba mu yi irinta ba. Sabo zai yi sammako gobe, na ce in ya sake ya manta da wannan sai na fasa masa gilashi.

Fitar da Baba ba ƙaramin aiki ba ne. Sai da Inna ta ce za ta yi turaren ƙwari a zaure, ta kore shi da tabarmarsa. Malam Sama'ilu kuwa ba ya buƙatar gayya, yana jin za a wuce ya riga kowa zuwa. Mu mata muna leƙe ta saman danga.

Da na hango keke ɗaya tilo ya taho, babu kowa a bayansa, na ga kafaɗar hagu a sauke, na san kai ne. Sai a lokacin na gane dabararka, ashe tsere musu ka yi tun daga nesa don ka sami sararin gaisuwa. Na ce yau ko ya sauka ko ya kashe mu da kunya. Ka sunkuya ka kwance maɗaurin, ka ja birki, ka sauka, ka jingine keken, ka tube takalmi, ka cire hular kwano, ka zo ka tsuguna a gabansa kana haki kamar ranka zai fita.

Shi kuma dattijon nan, Allah ya shirye shi, ya ga dama! Ina kwana. Ina gajiya. Ya karatu. Ya malamanku. Ya mutanen birni. Ya ruwa ya yi muku bana. Ni ina bayan danga ina cizon mayafi ina cewa Baba ka sallame shi mana. Har ga sauran sun taho, suka wuce ta bayanka da ƙarar sarƙoƙinsu, yara na ihu, kai ko ƙifta ido ba ka yi wajensu ba, kana ta “Lafiya lau, Baba. Alhamdu lillahi, Baba.” A nan na fashe da kuka, ba zan yi maka ƙarya ba.

Ka ji abin da ya ce da kunnenka, amma bari in maimaita don daɗinsa. “Waɗancan da suka wuce, da su kake tsere?” Ka ce e. Ya ce, “To zaman me kake yi? Ɗan gidan Kolo ne zai zo na baya? Tashi!” Kana ɗaure ƙafa ba ka ga abin da muka gani ba. Sandarsa ya yar. Ya kama sirdin ta baya da hannu biyu, ya tura ka yana ɗingishi yana binka har kan kwalta, ya saki, ya tsaya yana ihu, “Taka! Taka, Kallamu!” Rawaninsa ya warware bai ma sani ba. Da ya juyo ya dubi Malam Sama'ilu ya ce, “Sama'ilu, me ka ce game da 'yan boko?” Malam Sama'ilu ya ce shi bai ce komai ba.

Yanzu gari ya hana mu sakat da tambaya. Ka kamo su? Ka rubuto maza, Baba ya aiko sau ba adadi a tambaye ni, sai ka ce tare muka tafi.

Yayarka,
Amsa

Rijiyar Zaki
Talata

Yaya Amsa,

Gaisuwa da godiya. Cinyoyina ne kawai ke ciwo, sauran jikina kuwa murna ce zalla. Ki gaida Inna, ki ce turarenta ya yi aiki.

Da Baba ya sake ni ban ga kowa a gabana ba, kwalta ce kawai da iska. Na ce shi ke nan, na samu abin da na zo nema, ko na ƙarshe na zo ba komai. Amma muryarsa na bina a baya, ina zan sassauta? Na kwanta a kan keken na yi ta takawa. Can bayan wata gada sai na hango mutum ɗaya yana tafiya a hankali yana waiwaye. Muhammadu Sani ne! Wanda ya ce hauka nake yi, shi ya bar ayari ya jira ni. Ya ce, “Mai gaisuwa, manne mini.” Ya sha mini iska har numfashinsa ya ƙare, na karɓa, ya karɓa, na karɓa. Muka fara tsintar waɗanda suka gaji ɗaya bayan ɗaya. Kafin Dawanau muka cim ma ayarin. Da suka gan ni wani ya ce, “Kai, ba kai muka bari a tsugune ba?”

Muhammadu Sani a nan ƙarfinsa ya ƙare. Ni kuwa da aka hango tutar ƙarshe na miƙe tsaye kan feda, ban san inda ƙarfin ya fito ba. Na wuce wannan, na wuce wancan, saura wani dogo ɗan ajin ƙarshe. Muka shiga tare, kafaɗa da kafaɗa. Ya riga ni da rabin taya.

Na biyu na zo, Yaya! Ni da na faɗi a gaban mai shayi! Aka ɗaga ni sama, labarin gaisuwa ya riga ni isowa, har wanda ya ci ya zo ya rungume ni ya ce bai san wanda ya ci tsakaninmu ba. An ba ni lambar azurfa mai igiya, zan kawo wa Baba ya rataye a zaure.

Saura magana ɗaya. Na yi alkawarin mayar da keke, kuma Baba bai janye ba. Yana nan na wanke shi na shafa wa sarƙar mai. Ki tambaya mini shi. Abin da ya ce shi zan yi.

Ƙanenki,
Kallamu

Gidan Kolo
Ana ɗaurin dawa

Kallamu,

Muna lafiya, muna taya ka murna, Inna ta yi guɗa har maƙwabta suka shigo.

Wannan karon sai da na karanta a ɗaki tukuna, na koyi hankali. Sannan na kai gindin tsamiya, don can Baba ya koma da zama. Da na zo wurin rabin taya ya ce in tsaya. Ya sa aka auna masa rabin taya a ƙasa da sanda. Ya dube shi ya dube shi, ya ce, “Wannan ai ‘ya mutanen birni’ ce ta cinye shi. Da na tsaya a ‘ina gajiya’ da yaron nan ya ci.” Tun ranar duk wanda ya zo wucewa sai ya tsayar da shi ya gaya masa ɗansa ne na ɗaya, shi ya riƙe shi da surutu.

Na tambaye shi maganar mayar da keke. Ya harare ni ya ce wa ya ce a mayar? Na ce kai. Ya ce to ya fasa, kuma in ka kuskura ka mayar, da shi kake. Wandon ne dai ya ce a ƙara masa tsawo.

Jiya da safe na shiga gaishe shi na tarar an sauko da tsohon kekensa daga inda yake rataye, mai faci na zaune a ƙofar zaure yana fama da tayoyin. Na ce Baba, da wannan gwiwar ina za ka? Ya ce ba inda za shi. Wai tseren baɗi za a jingine masa shi a jikin tsamiya, a ɗora shi a kan sirdi tun da hantsi, ya zauna a kai har ku wuce. Na ce don me? Ya ce, “Ke ba ki san komai ba. In ina ƙasa dole ya sauka. In ina kan keke yana kan keke, ɗaga hannu ya wadatar.”

Don haka ka ji saƙonsa. Baɗi in ka iso tsamiya kada ka taɓa birki. Ka ɗaga masa hannu kawai, zai buga maka ƙararrawa.

Yayarka,
Amsa